Wuƙar da Ba Ta Ɗaga Ba

Auta ce ke zana wa wuƙa hanya a ma'aikatar mahaifinta. Haka Baba yake gaya wa baƙi in sun tambayi abin da take yi a ɗan ɗakin gilashin nan tun safe, ta ƙura wa kwamfuta ido kamar mai jiran saƙo. Ta yi aure har da 'ya'ya, amma sunan ya bi ta, ma'aikata ma da shi suke kiran ta. Aikinta shi ne a kawo zanen abin da ake so a sassaƙa daga ƙarfe, ta buɗe shi a manhaja, ta gaya wa injin inda wuƙarsa za ta shiga, yawan abin da za ta ciza a kowane zagaye, da inda za ta ɗaga ta tsallake. Manhajar ta juya wannan zuwa layukan umarni, a tura wa injin, Dogo mai kula da shi ya rufe ƙofa ya danna koren maɓalli. Yayanta shi ke karɓar aiki da yi wa masu kawowa magana. Baba kuwa, tun da ƙafa ta fara damun sa, sai dai ya zagaya da hannu a baya, ya leƙa nan, ya saurari ƙarar can.

A wancan makon aikin da ke gabansu babba ne. Wani mai kamfanin roba yake son ƙirar ƙarfe da za a riƙa zuba roba a ciki a fitar da murafe, biyu a zubi ɗaya. An kawo dunƙulen ƙarfe mai tauri wanda sai da aka sa sarƙa aka ɗaga shi, kuma an daɗe ana jiran isowarsa. Za a haƙa ramuka biyu a samansa, gefe da gefe, a bar siririn bango a tsakaninsu. A tsakiyar kowane rami kuma akwai ɗan tudu da za a bari a tsaye, wanda manhajar ke ce wa tsibiri.

Auta ta fi jin tsoron kwasar farko fiye da gogewar ƙarshe. A gogewa wuƙa lallaɓawa take yi. A kwasar farko kuwa ci take yi da gaske, kuma a nan ake karya wuƙa, a nan ake ɓata ƙarfe. Don haka ta zauna ta bi komai daki-daki. Ba ta bar wuƙar ta nutse kai tsaye kamar ƙusa ba, ta sa ta sauka tana kewayawa a hankali, kamar mai sauka a murɗaɗɗen bene. Ta rage faɗin cizon don kada wuƙar ta shaƙe a kwana. Ta nuna wa manhajar tsibiran biyu, ta nuna mata ƙarafan da suka matse dunƙulen a kan tebur, ta ce kada a kusance su. Ta bar ɗan ƙarfe kaurin farce a jikin bango saboda gogewa. Sannan ta sa duk lokacin da wuƙar za ta bar ramin farko ta tafi na biyu, ta ɗaga sama sosai tukuna kafin ta ruga. Da ta gama ta kunna gwaji a fuskar kwamfuta, ta kalli ƙarfen bogi yana narkewa layi bayan layi. Babu ja ko ɗaya, wato babu karo.

Baba ya leƙo ƙofar yana dariya.

"Ke da wannan ɗage-ɗagen naki. Rabin yini wuƙarki iska take yanka."

"Baba, gara ta yanki iska da ta yanki abin da ba a aike ta ba."

"Ji 'yar nan! Ni na koya miki wannan maganar, yanzu za ki sayar mini da ita."

Ta tura umarnin kafin a tashi, ta tafi gida da kwanciyar hankali.

Washegari da hantsi Dogo ya danna maɓallin. Auta da Yaya suna tsaye a bayansa suna leƙe ta gilashin ƙofar injin. Wuƙar ta sauko tana kewayawa, ruwan sanyaya yana feshi, ɓarɓashin ƙarfe yana tashi yana buga jikin injin kamar ruwan sama a kan kwano. Ƙarar daidai take, ba ta hawa ba ta sauka. Ramin farko ya fara bayyana, tsibirin yana tsaye a tsakiyarsa. Yaya ya matso da fuskarsa kusa da gilashin.

"Auta, yau kin ci tuta," in ji shi.

Bai rufe baki ba wuƙar ta kai ƙarshen zagayen. Auta ta san abin da ya kamata ya biyo baya, har idonta ya riga ya ɗaga sama yana jiran ta. Wuƙar ba ta ɗaga ba. Daga cikin ramin ta zabura gefe da gudun da take yi a iska, ta doki bangon tsakiya.

Ƙarar kamar an fasa taya a cikin ɗaki. Duk injin ya girgiza, wani abu ya bugi gilashin ƙofar daidai fuskar Yaya, gilashin ya yi fari fat da tsagewa. Dogo ya kai wa jan maɓalli duka da tafin hannu. Komai ya tsaya, sai ruwan sanyaya da ke ɗiga.

Auta ta yi mutuwar tsaye. Tana jin Dogo yana ta salati, amma kamar daga nesa. Yaya ya ja baya a hankali, ya shafa fuskarsa, ya duba hannun. Babu jini. Guntun wuƙar yana nan a maƙale a cikin gilashin, bai ida fitowa ba, tsininsa yana kallon inda idon Yaya yake ɗazu.

Da aka buɗe ƙofar, gani ya kori ji. Bangon tsakiya ya tsage, an yaga masa baki kamar an ciji burodi. Abin da ke riƙe wuƙar ya karkace. Sauran ma'aikata suka baro injinansu suka taru.

Yaya ya juyo kan Auta.

"Me kika yi?"

"Yaya, na gwada shi. Wallahi na gwada shi."

"Kin gwada shi! Ga gwajin nan a gilashi. Da yanzu ina kwance ana neman idona a ƙasa."

Baba ya iso yana ɗingishi, ya ratsa mutane, ya daɗe yana kallon ramin. Ya sa yatsa ya shafa tsagin, ya girgiza kai.

"Ba ta ɗaga ba," ya ce a hankali. "Auta, yaya za ki manta da ɗagawa? Wannan ai shi ne farkon karatu."

Wannan maganar ta fi mata ciwo fiye da ihun Yaya. Ta koma ɗakin gilashi ta zauna. Ta buɗe aikin. Tsayin ɗagawa yana nan yadda ta sa shi. Ta sake kunna gwajin, wuƙar bogi ta gama zagayenta, ta ɗaga, ta tsallake bangon, ta sauka a rami na biyu lafiya lau. Ta sake kunnawa. Haka dai. Ta fara zargin manhajar, sai ta buɗe layukan umarnin da kansu tana bi da yatsa. Ga layin ɗagawar nan a rubuce, a duk inda ya kamata.

Sai ta tashi ta tafi allon injin, ta buɗe umarnin da ke cikinsa, ta gangara zuwa inda ya tsaya. Layin ɗagawar babu shi. Ta gangara gaba. A duk wurin da wuƙar za ta tsallake bangon, an goge layin ɗagawa, an goge shi tsaf, ba tare da an taɓa ko harafi ɗaya na sauran ba. Wannan ba aikin kuskure ba ne. Wanda ya yi ya san abin da yake karantawa.

Ta kira Yaya ta nuna masa. Ya kalli allon, ya kalle ta, sannan ya juya ya kalli Dogo.

"Kai kaɗai ke taɓa allon nan."

Dogo, wanda furfura ta fara fito masa a ma'aikatar, ya nuna ƙirjinsa.

"Ni? Ni da nake tsaye a gaban ƙofar? In kashe kaina ke nan?"

"To aljani ne?"

"Yallaɓai, na riƙe ka kana rarrafe a tsakanin injinan nan. Yau ni kake tuhuma?"

Dogo ya cire rigar aikinsa ya rataye a ƙusa, ya wanke hannu, ya fita bai waiwayo ba. Yaya bai kira shi ba. Auta ta bi shi har bakin titi tana "Kawu, don Allah ka tsaya", ya ɗaga mata hannu kawai ya tsallaka.

Ranar ba a ƙara yin wani aikin kirki ba. Kowa yana kallon kowa ta wutsiyar ido. Mai gyaran inji ya zo ya canza abin da ya karkace, ya ce Allah ya taimaka zuciyar injin ba ta taɓu ba. Auta ta sake tura umarnin na gaskiya, da niyyar gwada shi a kan guntun katako kafin a kusanci wani ƙarfe.

Da safe ta riga kowa zuwa, ko dai haka ta zata. Ta tarar da ƙofar gefe a buɗe, fitilun a kunne. Daga inda ta tsaya tana jin ƙarar maɓallai, ƙit, ƙit, ƙit. Ta zagaya bayan tarin ƙarafa ta leƙa.

Baba ne a gaban allon, tabarau a kan hanci, yana ɗan waƙe-waƙensa a ciki. Yatsunsa suna tafiya da saurin da ta daɗe ba ta gani ba. Kafin zuwan manhaja, da hannu yake rubuta wa inji umarni layi-layi, amma ya bar wannan tun tana makaranta. Ta matsa kusa. Ya gangara, ya tsaya a kan layin ɗagawa, ya goge. Ya gangara, ya sami na gaba, ya goge.

"Baba."

Ya waiwayo da fara'a.

"Yauwa, kin zo. Zo ki ga shirmen da wani ya rubuta. Rami ɗaya ne tal, amma wuƙa sai tashi take yi tana sauka kamar mai ciwon ciki. Ɓata lokaci."

"Baba, ramuka biyu ne. Akwai bango a tsakani."

"Wane bango? Ƙirar fanka ce, ni na auna ta da hannuna. Mai Fanka zai zo da yamma ya ɗauka, kin san shi ba ya da haƙuri."

Mai Fanka abokin Baba ne, mai kawo masa aiki a da can. Auta tana 'yar makaranta ya rasu. Baba ne ma ya kai su gidansa gaisuwa, ya yi kuka a mota a hanyar dawowa.

"Baba, Mai Fanka ai ya rasu."

"Ke, rufe bakinki. Jiya muka yi magana."

Ta kama hannunsa ta ja shi zuwa gefen da aka ajiye dunƙulen da ya lalace. Ta ɗora yatsansa a kan tsagin. Ya kalli ramin, ya kalli tsibirin, ya kalli gilashin ƙofar da guntun wuƙa ke maƙale a ciki har yanzu. Fara'ar ta bar fuskarsa a hankali.

"Wa ya yi wannan ɓarnar?" ya tambaya. "Yaushe aka yi?"

Ba wasa yake yi ba, ba kuma ɓoyewa yake yi ba. Idonsa tar yake a kanta yana jiran amsa. Jiya yana tsaye a wurin nan, shi ya shafa tsagin, shi ya yi mata faɗa. Babu ko ɗaya da ya tuna.

A nan Yaya ya shigo yana kaɗa makullin mota. Ya ga fuskar ƙanwarsa, ya ga allon a buɗe, ya ga Baba. Auta ta nuna masa allon da haɓa. Ya karanta, ya sake karantawa. Makullin ya faɗi daga hannunsa.

"Baba, kai ne?"

"Ni ne me?"

Yaya ya nemi akwatin kayan aiki ya zauna a kai, ya dafe kai da hannu biyu.

Suka mayar da Baba gida da kansu. Da suka keɓe da mahaifiyarsu a kicin suka gaya mata, ba ta yi mamakin da suka zata ba. Ta ajiye cokalin da ke hannunta ta zauna.

"Ashe ya kai can," ta ce.

"Umma, kin sani?"

"Na san me? Na ga dai abubuwa. Ya sa takalminsa a firji. Ya tambaye ni ko mahaifiyarsa ta dawo daga unguwa. Rannan ya fita sayen batir, maƙwabci ne ya dawo da shi, wai ya same shi a tsaye a mahaɗa bai san ina zai bi ba. Na ce gajiya ce. Shi kuma in ya dawo hayyacinsa sai ya ce kada in gaya muku, za ku hana shi zuwa wurin aiki."

"Umma, saura kaɗan Yaya ya rasa ido."

Ta kalli ɗanta, ta kama fuskarsa da hannu biyu tana dubawa kamar ƙaramin yaro, sannan ta fashe da kuka.

Daga gidan Yaya bai koma ma'aikata ba, gidan Dogo ya wuce. Auta ba ta san abin da suka faɗa wa juna ba. Ta dai ga sun dawo tare a mota ɗaya, idon kowannensu ja. Dogo ya ɗauki rigarsa daga ƙusa ya sa, ya ce da ita, "Da na san haka ne, da na amsa laifin na huta." Ta ce, "Kawu, kada ka ƙara sa ni kuka."

Likita ya yi wa Baba tambayoyi, aka ɗauki hoton kansa. Ya ce ciwon mantuwa ne na tsufa, ya fara nisa, ba a warkar da shi amma ana rage masa gudu. Ya ce wasu ranakun zai tashi garau kamar ba komai, wasu kuma zai koma wani zamani ya zauna a can. Abin da hannu ya saba shi ne ake mantawa a ƙarshe, shi ya sa yatsunsa suka san allon sarai alhali kansa yana kan aikin da aka gama tuntuni. Ya ce kada a bar shi shi kaɗai kusa da inji.

Mai kamfanin roba ya yi fushi, ya yi ta faɗa a waya, daga baya ya sauko ya yarda a yanke wurin da ya lalace a dasa sabon ƙarfe. Wannan ya sa Auta ta sake zana hanyar tun daga tushe, don yanzu sai an fara haƙa wa dashen gurbi. Ta raba aikin gida biyu, kowane rami da umarninsa, yadda wuƙar ba za ta taɓa tsallake bango a cikin gudu ɗaya ba. Ta kuma ce daga yau ba a danna kore sai ita da Dogo sun gwama abin da ke cikin injin da abin da ke kwamfutarta.

Ranar da za a sake kunnawa, Baba ya tashi garau. Ya sa Yaya ya kawo shi. Umma ta riga ta gaya masa komai da safen, kuma wannan karon maganar ta zauna masa a kai. Ya shigo bai yi wa kowa wasa ba. Ya tsaya nesa da injin, ya saurari kwasar farko tun daga saukar wuƙa har ta gama ramin, ta ɗaga, ta tsaya cak a sama.

"Cizon ya yi daidai," ya ce. Sannan ya kira Auta gefe.

A jikin allon akwai wani ɗan makulli da ba wanda ya taɓa damuwa da shi. In an murɗa shi aka zare, ana iya karanta umarni amma ba a iya canza ko harafi. Baba ya murɗa da kansa, ya zare, ya sa mata a tafin hannu ya naɗe yatsunta a kai.

"Riƙe. Ko na tambaya kada ki ba ni."

"Baba..."

"Ki ji ni da kyau, don ban san ko gobe zan iya faɗa ba. Zan tambaya. Zan yi miki faɗa, wataƙila in zage ki. Ba ni ba ne. Ni ne wannan da ke miki magana yanzu."

Ta gyaɗa kai, ta kasa ɗago ido.

Ba a daɗe ba kuwa ranar ta zo. Tana ɗakin gilashi tana daidaita hanyar gogewa, ta ji muryarsa ta cika ma'aikatar. Ya zame wa Yaya ya isa allon, ya danna ya danna, allon ya ƙi. Ya taho ɗakinta yana huci.

"Wa ya kulle mini inji? Ba ni makullin."

"Ba zan bayar ba, Baba."

"Ni kike gaya wa haka? A wurin da na gina da hannuna? Ke wace ce?"

Ma'aikata suka sunkuyar da kai, kowa ya kama abin da ke gabansa. Auta ta miƙe tsaye. Makullin yana rataye a wuyanta a ƙarƙashin riga, tana jin sanyinsa a fata. Ya miƙo hannu, hannun da ya koya mata riƙe ma'auni. Ta kama hannun da nata biyu ta riƙe.

"Ni ce Auta," ta ce. "Zauna ka huta, ƙafarka za ta yi ciwo."

Ya fizge hannunsa, ya faɗi maganganun da bai taɓa faɗa mata ba tun da aka haife ta. Ta tsaya ta shanye su duka. Da ya gaji, Dogo ya kawo kujera, Yaya ya kama shi ya zaunar. Ta juya ta koma gaban kwamfutar, ta goge idonta da bayan hannu don ta ga layin da take kai, ta ci gaba da aikin.